Takardun da Kaka Ta Wanke

Ranar Asabar ta farko a watan Maris, shekarar da nake aji uku a lekol, wato makarantar boko, ruwan farko ya sauka a unguwarmu ta Briqueterie, a birnin Yaounde, da hantsi. Ina zaune a baranda da faifai a cinya ina tsince wa Kaka shinkafa, Baba kuma yana kan kujerarsa 'yar tsugunno, ya ɗora katako a gwiwa da farar takarda mai kauri a kai. Yana zana rufin kwanon gidajen da ke gangarawa daga wajen masallaci zuwa kwari, wani kan wani, duk sun yi ja da tsatsa. Tun da gari ya waye yake kansa. Sai iska ta kaɗo ɗigon ruwa uku ko huɗu suka faɗa a takardar. Kafin ya kare ta da hannun rigarsa, rufin gidan mai shayi ya narke ya zubo kan gidan da ke ƙasansa, jan launi ya gangara har gefen katakon. Na yi ihu na zubar da rabin shinkafar. Shi kuwa ɗaga takardar kawai ya yi ya duba, ya ce, "Da ruwa ake yin sa, Uwata, ruwa kuma shi ke kashe shi." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ba ya iya kama sunan. Ina durƙushe ina kwashe shinkafa daga siminti na yi masa roƙon da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce tun da ya iya zana gidan kowa, ya zana mini Mama in ga yadda take. Ya daɗe yana ɗauraye buroshinsa a gwangwanin madara, har ruwan ya koma kalar jar ƙasa. Daga baya ya ce, "Zan gwada. Amma kada Kaka ta ji."

Ina da shekara biyu Mama ta rasu, wajen haihuwar ƙanina, wanda shi ma bai kwana ba. Ban riƙe komai nata ba, ko murya ko ƙamshi. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda ke jikin katin shaidarta, shi kuma ya tafi a gobarar da ta cinye ɗakunanmu na katako shekara guda bayan rasuwarta, tare da akwatinta da kwanonin jerenta. Tun daga ranar Kaka ta hana a ƙona ko da tsumma a tsakar gidanmu. Sharar da wasu ke cinna wa wuta, mu sai mu ɗauka a ka mu kai bola can bakin titi. Dangin Mama suna Najeriya, a wani ƙauye bayan Katsina, ba mai zuwa ba mai dawowa. A gidanmu kuma ba a zancen wanda ya mutu sai da addu'a. In na tambayi Kaka yaya Mama take, sai ta ce, "Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta. Tashi ki ɗebo ruwa." A lekol, duk shekara in ranar iyaye mata ta zo, malamarmu kan ce kowa ya zana uwarsa ya kai mata gida. Nakan zana mace da zane da kallabi, in bar wurin fuskar fari. Sau ɗaya ta buge mini hannu da rula, ta ce ƙyuya ce.

Gidanmu gidan yawa ne, ɗaki tara kewaye da tsakar gida ɗaya da igiyoyin shanya uku. Kakana ne ya kafa shi, da ya zo daga Kano da fataucin goro tun kafin a haifi Baba. Ɗakin Kaka ne a tsakiya. Baffa Isa, ƙanin Baba, yana bakin zaure da kekensa na ɗinki, mu kuma muna ƙurya. Sauran 'yan haya ne, Fulani daga arewa da wani mai gyaran rediyo da ya zo daga Sakkwato, wanda bai san ko gaisuwa ba da Faransanci. Da sassafe mu 'yan mata muke jera bokiti a famfon unguwa, in an ɗauke ruwa mu gangara kwari wajen unguwar Madagaskar, mu hauro da shi a ka muna zamewa a jan taɓo. Daga nan shara, wanke-wanke, sai koko da ƙosai a tsaye, a ruga lekol. Da yamma mu yi carafke a bakin zaure ko mu zana 'yar gala-gala da gawayi, hayaƙin masu tsire na ratsa mu har ya kama mana tufafi. A bayan ɗakinta Kaka ta killace wani ɗan wuri da ta shuka yakuwa da rama a gindin gwanda, ba ta yarda kowa ya taka shi da takalmi. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, da takun ƙafa take gane mu. Ni takan ce mini Takwara. Baba kuwa ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mai takardun nan ya dawo?" haka take tambaya.

Baba ɗan jarida ne. Malam Sule mai jarida, haka unguwa ta san shi. Jaridar ƙarama ce, mai shafi takwas, da Faransanci, tana fita sati-sati daga wani ɗaki guda a cikin gari. Shi aka ba labarin unguwanni. Da ƙafa yake aikinsa, daga Tsinga zuwa Mokolo, wata rana har Elig-Edzoa, da ɗan littafi a aljihun gaba da takalmi ɗaya da jar ƙasa ta rina. Ba ya rubuta manyan mutane. Yakan rubuta kwalbatin da ta toshe, da famfon da ya yi wata bai zubo ba, da telan da ya tsufa a kan keke, da yaron unguwa da ya ci jarrabawa. Duk wanda ya rasu a cikinmu, ko dako yake yi, sai Baba ya je gidan ya tambayi sunan ubansa da garin da ya fito, ya ba shi layi huɗu ko biyar. Ranar Alhamis jaridar ke fitowa. Bayan la'asar sai maza su taru a teburin mai shayi, ya karanta musu yana juyawa da Hausa. In an aike ni sayen burodi nakan yi jinkiri in saurara. Akwai wani dattijo mai sayar da yadi da ba ya fashin tsokanarsa: "Malam Sule, yau wa ka kashe?" Baba ya ce, "Kai ne, Alhaji, amma a shafi na bakwai na sa ka, ba mai kaiwa can." Bayan kwana biyu jaridar ta koma hannun masu tsire. Na taɓa sayo wa Baffa nama a naɗe cikin sunan Baba, mai da yaji sun jiƙa shi. Na kawo wa Baba takardar ina fushi. Ya yi dariya ya ce ai ta yi amfani sau biyu ke nan.

Zane kuwa ba aikinsa ba ne, ba ya sayarwa, ba ya ratayewa. Yana da wani ɗan akwatin ƙarfe da malaminsa ya ba shi tun yana kwaleji, da launuka goma sha biyu a ciki, daskararru kamar alewa, sai an taɓa su da jiƙaƙƙen buroshi su saki. Takardar kuma ragowar yanka ce da yake roƙowa a inda ake buga jaridar. Ya zana zaurenmu, da keken Baffa, da layin bokiti a famfo, da butoci da takalma a ƙofar masallaci, da hazon safiya a kan duwatsun Yaounde. Amma ba mutum ko ɗaya a ciki. Kaka ta ce duk wanda ya zana mai rai, gobe ƙiyama za a ce ya busa masa rai, shi kuma bai taɓa yi mata musu ba. In maƙwabta suka leƙa suka ce, "Malam, ina mutanen?" sai ya ce sun tafi salla. Akwai kuma abin da ba ya tsallakewa. Kafin launi ya taɓa takarda sai ya ɗauki alƙalamin kara, ya tsoma a tawadar allo, ya rubuta Bismillah ƙarama a can sama. Tun makarantar allo abin ya zauna masa. Ya ce hannunsa ba ya tafiya in bai yi ba.

Ranar Lahadi Kaka kan tafi karatun mata bayan azahar, to lokacin ne yake gwada Mama. Sai ya tura ƙofa, ya zaunar da ni kusa da taga, ya ce, "Kalli can. Kada ki yi dariya." Na ɗauka don kada in dame shi ne. Ba ya barin in ga takardar. Zai yi ta aiki shiru, ya dube ni, ya dubi takarda, can sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ita ba ce," ya ɗauki soso ya shafe da hannunsa. Wani lokaci ya ce idon ne ya ƙi zuwa, wani lokaci baki. A tsakani yakan saki magana ɗaya ko biyu, kamar ba da ni yake ba. Ta nan na ji cewa tana da wushirya, tana son koren kallabi, kuma ta yi shekara guda a garin nan ba ta yarda ta ci bobolo ba, wai rogon da aka naɗe a ganye wari yake mata. Na tattara waɗannan na riƙe. Da farko ina damunsa da tambaya, daga baya na koyi yin shiru. Haka muka yi shekara biyu.

Ina aji biyar, a ruwan watan Oktoba, katangar wani sabon gini ta faɗo kan ɗakin 'yan haya da ke bayanta, ta kashe yara mata biyu. Ɗaya daga cikinsu Ladi ce, abokiyar carafkena. Mai ginin namu ne, babban mutum a unguwa, sahun gaba yake tsayawa a masallaci. Dattawa suka zauna suka ce ƙaddara ce, a bar maganar a cikin gida. Baba ya je wurin da littafinsa. Ya ga ba ƙarfe a cikin katangar, ya ga a kan hanyar ruwa aka ɗora ta, ya kuma ji daga maƙwabta cewa sau uku suna kai kuka. Ya rubuta duka, har da sunan mutumin. Ranar Alhamis ɗin nan ba wanda ya ce ya karanta. Aka ce ya tona asirin unguwa ga baƙi, kuma da harshen baƙi. In ya yi sallama sai a amsa ciki-ciki a kau da kai. A famfo wata yarinya ta ce mini ubana munafuki ne, na fasa mata leɓe, uwarta ta biyo ni har gida. Kaka ba ta yi masa faɗa ba, ta dai tambaye shi, "Wa ya aike ka?" Ya ce, "Iyayen yaran ba su iya rubutu ba, Inna."

Bayan sati guda wasu mutane uku suka zo da safe muna karyawa, suka ce ya zo a yi masa tambaya. Ya ajiye kofinsa ya bi su da silifas. Sati uku bai dawo ba. Baffa ya zaga inda zai zaga, ko'ina aka ce ba a san da shi ba. Ranar da ya dawo ban gane shi daga nesa ba, sai da ya yi sallama. Ya rame, yana tari, yatsu biyu na hannunsa na dama sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Bai taɓa faɗin inda aka kai shi ba, ko wanda ya sa, mu ma ba mu tambaya ba. Cikin waɗanda yake karanta wa jarida ba wanda ya zo yi masa sannu, sai mai shayin kansa, da ya shigo ta baya da flas ɗin shayi ya zauna ba ya iya kallonsa. Ba a daɗe ba jaridar ta daina fitowa. Baba ya koma zama a baranda yana cike wa mutane takardun ofis da rubuta musu wasiƙa, yawancinsu waɗanda suka daina amsa masa gaisuwa. Bai mayar da kowa ba. Biro yana iya riƙewa da ƙyar, amma buroshi zamewa yake yi. Sai ya karɓi zare a wurin Baffa yana ɗaure shi a yatsa, ya tallafi hannun dama da na hagu.

Wata Lahadi ina zaune a bakin taga na ga gumi na zubo masa, zaren ya shiga cikin fata. Na ce, "Baba, ka bari. Na haƙura." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ban haƙura ba, Uwata. Ni ma ta fara ɓace mini." Daga nan ban ƙara cewa ya bari ba. Tarin ya yi ta ƙaruwa, Kaka ta dafa masa saiwoyi, an karɓo magani a asibiti, ba abin da ya canza. A satin farko na azumin shekarar da nake aji shida, na dawo daga lekol na same shi zaune a bakin gado, ya wanke hannu, ya rufe akwatin launi. Ya ce, "Ta zo." Na ajiye jaka na ce in gani. Ya ce a'a, goron Sallata ke nan. "In kin yi wanka kin sa sabbin kaya, sai ku ga juna." Ya nuna mini kwalin da ke ƙarƙashin gado, inda yake tara zanen gidaje, ya ce a can ƙasa ya sa ta, inda ba mai dubawa. Na so in yi gardama, amma na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba. Na shiga jiran Sallah.

Ran ashirin ga azumi, bayan azahar, tarin ya zo da jini. Baffa ya tsayar da tasi, kafin su isa asibiti ya cika. Aka dawo da shi aka yi masa wanka a zaurenmu. Mata ba sa bin gawa, daga bayan labule na leƙa. Layinmu ya cika har titi, sahu kan sahu, da waɗanda suka kau da kai daga gare shi da dattijon nan mai yadi, yana share ido da hularsa. Ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kan rasuwarsa. Wanda ke tambayar sunan uban mamaci da garin da ya fito, shi ne a cikin makarar. A ranar aka mayar da ni ɗakin Kaka, Baffa ya sa wa ɗakinmu kwaɗo ya jefa mabuɗin a aljihu.

Kwana bakwai na zaman makoki na yi ina sane da inda Mama take, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ban gaya wa kowa ba. Na yi wa Baba alkawari, kuma ina tsoron in Kaka ta ji za ta sa a yaga. Na shirya cewa ranar Sallah, in na yi wanka na sa sabbin kaya, zan karɓi mabuɗin in ce littafina zan ɗauko. Abin da ban sani ba, bayan sadakar bakwai Baffa da Kaka sun yanke a share ɗakin, don akwai 'yan'uwa da za su zo ta'aziyya daga arewa su yi Sallah da mu. Washegari aka tura ni lekol. Daga baya Baffa ya ba ni labarin yadda aka yi. Tsofaffin jaridu an ɗaure an ba masu tsire. Da ya jawo kwalin sai ya ga sunan Allah a saman kowace takarda. Ba a naɗe nama da irin wannan, ba a kai ta bola, ba a kuma barin ta ɓeraye su ci a taka ragowar. Ya ce a ƙona. Kaka ta ce ba a gidanta ba. Ta ce a yi musu yadda ake yi wa allo, a wanke sunan, a zuba ruwan inda ƙafa ba ta takawa. Ta yi alwala, ta sa aka ɗauko mata sabon baho. Ta so ta wanke saman kawai, amma ba ta ganin inda rubutun ya tsaya, don haka ta riƙa tsoma su gaba ɗaya don kada ta bar ko harafi.

Da na shigo daga lekol, igiyoyin shanyarmu uku duk cike suke da takardu, an maƙale su kamar wanki, suna ɗiga. Matan gidan ne suka taya ta shanyawa. Farare fat suke, sai ɗan dishi-dishin ja ko shuɗi a gefe. Kaka na zaune a tabarma da bahon a gabanta, ruwan ya yi duhu, bakinta na motsi da tasbihi. Ta ji takuna ta ce, "Takwara, zo ki taya ni, saura kaɗan." Damin ƙarshe ya riga ya shiga ruwa. Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Na cusa hannu biyu ina ɗago su ɗaya bayan ɗaya. Zaurenmu ya fito yana narkewa, na ajiye. Butocin masallaci, na ajiye. Keken Baffa. Ta kusa da ƙarshe da na ɗago, kore na fara gani. Kallabi ne. A ƙarƙashinsa ga goshi, ga ido yana kallona kai tsaye, ga baki a ɗan buɗe da wushirya, kamar za ta yi magana. Yarinya ce ƙarama, ban taɓa zaton haka ba. Ruwan da ke saman takardar ya gangaro ya bi ta kanta. Na sa tafin hannu in tare, sai na ƙara shafe ta. Ko tsawon karanta Fatiha ba a yi ba. Da na ɗaga hannu, launin na tafina, takardar kuma ta zama kamar sauran.

Ban yi kuka ba a lokacin, amma Kaka ta ji numfashina. Ta ce, "Me kika gani?" Na ce, "Mama ce." Matan da ke shanya suka tsaya. Kaka ta ce, "Ya zana ta?" Na ce e. "Kin sani, ba ki faɗa ba?" Na ce ya ce kada ta ji. Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Sule bai gaya mini ba." Ran nan na fara jin sunansa a bakinta, ban kuma ƙara ji ba. Sai ta tsoma hannu biyu a ruwan, ta jawo ni ta shafa mini a fuska, yadda ake yi da rubutu. Amma ba ta ɗauke hannun ba. Ta riƙa bin fuskata da yatsu. Ta ce, "Wannan goshin nata ne. Girar ma tata ce. Hancin namu ne, nan kin yi rashin sa'a." Ta ce in Mama za ta yi dariya sai ta rufe baki da bakin mayafi saboda wushiryar, kamar yadda nake yi. Ta ce doguwa ce, ƙafarta ba ta ƙara in tana tafiya, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta iya ganewa da taku. Ta faɗi yadda take ɗaura ni a baya tana daka, da waƙar da take yi mini, da ranar da ta ƙona miya ta ɓuya a ɗaki don kunya. Da azumi a bakinta ta yi ta magana har aka kira la'asar. A nan na gane abin da Baba yake nema a fuskata duk ranar Lahadi. Da ta gama ta sa Baffa ya ɗauki bahon ya juye a gindin gwanda, cikin yakuwarta.

Takardun sun bushe sun kumbura. Baffa ya tattara su ya mayar kwalin, ba wanda ya iya amfani da su. Na cire guda ɗaya na ɓoye a cikin zanen Sallata. Kaka ta rasu bayan shekara biyu, ba ta sake yin zancen Mama ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Sunan Allah ta kare, da alwala ta yi, kuma da na buɗe baki kwana ɗaya kafin nan, da ba haka ba. Karatuna ya tsaya a aji shida, na koyi ɗinki a hannun Baffa, da shi nake ci har yau. Da na girma na nemi ko kwafi ɗaya na jaridar Baba. Na tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai a Mokolo, na tambayi 'ya'yan mai shayi, ban samu ba. Abin da ya rubuta ya tafi da tsire, abin da ya zana ya tafi gindin gwanda. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da ɗan abin da na iya, don a san an yi Malam Sule, ɗan Malam Hamza mai goro, mutumin Kano, wanda aka haifa a Briqueterie ya kuma rasu a cikinta.

Yanzu yawancin rufin da ya zana babu su, benaye sun tsaya a wurinsu. Inda teburin mai shayi yake, shagon gyaran waya ne. Ba mai taruwa a karanta masa labari, kowa nasa na cikin aljihunsa, in katanga ta faɗi kafin ƙura ta lafa duniya ta gani. 'Yata tana ɗaukar hotona da waya ina kan keke, ina girki, har ina barci, ta goge wanda bai yi mata ba. Na wuce shekarun Mama da nisa, in na duba madubi tsohuwar da ita ba ta kai ta zama ba nake gani. Takardar tana nan a ƙasan akwatina, da ɗan koren da ya rage a gefe ɗaya. Bara da ruwan farko ya sauka na fito da ita, 'yata ta leƙo ta ce, "Umma, mene ne wannan?" Na ce kakarta ce, kakanta ne ya zana ta. Ta juya ta gaba da baya, ta ɗaga ta wajen haske, ta ce ba ta ga komai ba. Na karɓa na mayar. Sau ɗaya na ga uwata, har yanzu ban gama kallonta ba.